Ƙullin Gishirin Mama Celina

A Kudenda kowa ya san teburin Mama Celina, kuma babu wanda ya taɓa sayen gishiri a wurinta. Ka sayi manja ko tattasai, sai ta ƙulla maka gishiri a leda kyauta, ko kana so ko ba ka so. Marigayi mijinta Godwin, wanda aikin kamfani ya kawo su Kaduna, ya yi mita har ya gaji ya sa mata ido.

To, sai ga hawan jini. Likita ya ce ta bar gishiri in tana son ganin auren jikokinta. 'Yarta Naomi, wadda ta gado taurin kan uwar kaf, ta kwashe na gida da na tebur, ta koma yi mata miya lami. Tsohuwa ta ci ba gardama. Abu ɗaya ta ɓoye: ɗan ƙulli a bakin zaninta, wanda ba ta iya fita ƙofar gida ba tare da shi ba.

Ranar wanki asiri ya tonu.

"Haba Mama, ashe lasa kike yi a ɓoye? So kike ki kashe kanki?" Naomi ta nufi kwata da ƙullin.

"Tsaya," in ji Mama. "Zauna ki ji."

Shekarar Mama goma sha uku lokacin da yaƙin basasa ya zo ƙarshe. Sojojin tarayya sun riga sun kama garinsu a Gabas, sun mai da makarantar firamare bariki, kasuwa ba ta ci sai sun yarda. Rabon gidansu da gishiri wata takwas. Ƙanenta Tony ya kwanta, ƙafafu a kumbure, ya ƙi cin komai, gishiri kawai yake kira. Kwana uku tana kai wa kukun sojoji itace kafin ya cika mata kwalin ashana. Ta ƙulle a zani ta rugo. A shingen bincike aka tsare mutane cikin rana har la'asar, ba don sun yi wani laifi ba. Ko da ta iso gida, an riga an lulluɓe Tony da zanin uwarsu.

Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, kuma har yau abin yana ci mata rai.

"Ban taɓa lasa ba, duba ki gani," ta ce. "Ni dai kada wani ya nema in ce masa ya jira."

Naomi ta duba. Gishirin ya dunƙule ya yi tauri, babu alamar yatsa. Ta ɗauko wankakken zani, ta ƙulla shi a baki da kyau, sau biyu, ta miƙa wa uwarta.