Geron Kawu a Shekarar Gwajin Nukiliya

A shekarar da Indiya da Pakistan suka yi gwajin makamin nukiliya ina zaune a Damba, cikin Gusau. Na gama jami'a da bautar ƙasa, ina jiran sabuwar jiharmu ta kira ni aiki. Ina da wani ɗan littafi da nake rubuta labarin da na ji a rediyo ko na karanta a jarida, tare da inda na samo shi, kuma na kafa wa kaina doka: abin da ban ji daga wuri biyu ba, ba na faɗinsa a matsayin tabbas.

Wata ranar kasuwa, gab da faɗuwar damina, na je Bungudu na tarar da kawuna, ƙanen mahaifiyata, a rumfar maƙeri. Manomi ne a Karakkai, ya kawo sungumi a gyara masa. Rumfar ta cika, kuma hirar duk ta bom ce.

Wani Alhaji mai sayar da buhuna ya ce shi kam ya ji daɗi, yau ƙasar Musulmi ta mallaki abin da ake tsoro. Wani tsohon soja, wanda ya yi aikin kwantar da tarzoma a Laberiya, ya ce masa, "Alhaji, kai ko ƙarar bindigar toka ka ji sai ka shige cikin buhu." Aka yi dariya. Sannan sojan ya ce duk bindigogin da ya gani a Laberiya babu wadda aka ƙera a ƙasar, daga waje ake turo su, kuma bai taɓa ganin masu turowar a wurin jana'iza ba. Alhaji ya ce to ai shi ya sa gara kowa ya ƙera nasa.

Maƙerin ne ya kawo maganar da ta tsayar da dariyar. Ya ce an ce hayaƙin bom ɗin yana haɗuwa da gajimare, ruwan da ya zubo daga ciki kuma yana ƙone iri a ƙasa. Ya tambaya ta ina waɗannan ƙasashe suke. Na ce gabas. Kowa a wurin ya san ta gabas hadari yake taso mana.

Kawu ya juyo gare ni. "Kai da ka yi boko, wannan hayaƙi zai iso mu? Irin da ke gare ni na shuka ɗaya ne. In ya ƙone, babu wani."

A raina na san ba zai iso ba. Amma wuri ɗaya kawai na ji cewa a ƙarƙashin ƙasa aka yi gwajin, saboda haka na ce, "Kawu, ina ganin babu komai, amma bari in tabbatar."

Ya ce, "To, tabbatar."

Washegari da safe aka yi ruwa mai ƙarfi, har a Gusau. Na tuna na matsar da jariduna daga bakin taga, ban yi tunanin komai ba bayan wannan. Na yi kwana biyu ina bin tsofaffin jaridu a wurin mai sayar da su, ban sami bayanin da ya gamsar da ni ba. A rana ta uku, ko ta huɗu, ba zan rantse ba, na shiga mota zuwa Tsafe wurin malamin da ya koya mana kimiyya a sakandare, wanda ya yi ritaya.

Ya saurare ni, ya ce gwajin a ƙarƙashin ƙasa ne, ga nisa, ga teku a tsakani, babu abin da zai taɓa gonar kowa a nan. Ina cikin rubutawa ya ce, "Wa ya aike ka?"

Na gaya masa.

"An yi ruwan shuka a wajensu?"

"An yi, Malam. Kwana uku ke nan."

"Kuma kana nan kana rubutu? Tashi. Mutumin da ya tambayi mai ilimi, ba ya saka iri sai amsa ta zo."

Shekarun makaranta sun mantar da ni abubuwa biyu da na sani tun ina ƙarami: danshin ruwan shuka ba ya wuce kwana biyu, kuma a wurin mutanenmu rashin ladabi ne ka yi tambaya sannan ka aikata kafin a ba ka amsa.

Na isa Karakkai bayan la'asar. Maƙwabtan Kawu duk sun shuka, don su ba su tambayi kowa ba. Na same shi a bakin gonarsa, na durƙusa na gaishe shi, na ce an tabbatar, yana iya shuka. Ya tura yatsa cikin ƙasa, ya zaro shi a bushe, ya nuna mini.

"Madalla. Sai wani ruwan."

Wani ruwan ya yi kusan mako biyu bai zo ba. Geronsa ya nuna bayan kowa ya girbe nasa, tsuntsayen yankin kuma suka tare a gonarsa kaɗai. Takardar aikina ba ta fito ba tukuna, sai na koma Karakkai na zauna ina kora masa su da gwangwani da igiya har aka yi girbi. Abin da ya shiga rumbu bai kai na bara ba. Ban san da nawa ya gaza ba, don Kawu bai faɗa ba, ni kuma ban iya tambaya ba.

Ranar da zan koma Gusau, hadarin ƙarshen damina ya taso ta gabas. Kawu ya dube shi, ya ce mini, "Malam, in kwashe shanya, ko sai ka je Tsafe?"

Na ce ya kwashe.