Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Fari

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da na buge kofi daga hannun uwar mijina.

'Yata ta fari ce ba lafiya. Ciwon kai, amai da sassafe, tafiya tana tangaɗi. Daga Malumfashi aka tura mu Zariya, aka ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, na daji. Aka yi mata aiki, aka fara sa mata magani ta jijiya. Ni kuwa ko cinya ba na iya ɗora ta a gaban Inna, uwar mijina. 'Yar fari ce, akwai kunya, sunanta ma ban taɓa furtawa ba. Ta Inna ce. Sai dai in raɓe ina kallo.

Wata rana a asibitin wata nas ta nuna mana wani fure a gindin katanga, mai ruwan hoda, ta ce daga irinsa ake ciro ɗaya daga cikin magungunan. Inna ta miƙe ta tafi alwala. Ni na tsaya.

"To a dafa mata mana?" na ce.

"Ke! Rufa mana asiri. Kin taɓa ganin an tsinko auduga a gona an yafa? Sai an tace, an auna. Ɗanyensa guba ne."

Bayan mun dawo gida Gozaki hutun magani, gashin yarinyar ya fara zuba. Inna ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta je Funtua biki, ta dawo da ƙulli a gefen zani. Na gani, na yi zargin magani ne, amma bakina ya yi nauyi. Yaya zan tambayi suruka abin da ta ƙulla?

Ina tankaɗe na ji wani wari mai ɗaci daga murhu. Na leƙa tukunya, ga furen nan yana yawo a ruwa. Na juya, ga Inna da kofi a bakin yarinya.

"Sha, ƙawata. Su nasu na kwalba ya cinye miki gashi, wannan daga tushe yake."

Ban san sa'ad da na ƙwala kiran sunanta ba. Na kai hannu, kofi ya yi can.

"Yau ni kika buge wa hannu?"

Na durƙusa, na faɗa mata abin da nas ta ce. Ta daɗe tana kallon ruwan da ƙasa ke shanyewa.

"Kin sani, kika bar ni na dafa? Tashi ki ɗauki 'yarki."

Yau yarinyar tana zuwa makaranta, tana ɗan jan ƙafa, har yanzu muna komawa a duba ta. Ranar na gane kunya ado ce, amma in rai na bakin kofi, ajiye ta ake yi. Sunan nan kuwa, tun daga ranar nake kiransa.