Kwana Arba'in a Aljihun Haladu

Duk wanda ya san lungunan Bab Makka a birnin Jidda ya san shagon Haladu, ko da bai san sunan mai shi ba. Wani ɗan tsukukun wuri ne tsakanin mai yadi da mai tuyar sambusa, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a titi. Abin da ake yi a ciki kuwa tocila ce, 'yar ƙarama da ba ta fi tsawon yatsa ba, ta tagulla ko ta jan ƙarfe, wadda Haladu ke sassaƙawa a kan injinsa ɗaya bayan ɗaya. Larabawa na ce mata kashshaf. Mutanenmu kuwa, da suka ji akwai masu jiran wata shida a ƙera musu abin da ake jibgewa tuli a bakin kasuwa, cewa suka yi lallai ƙoshi ya yi wa wasu yawa.

Haladu haifaffen Mai Wurno ne a ƙasar Sudan, jikan mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, tafiya ta tsaya musu a bakin kogi. Shi ya ƙarasa musu ita yana ɗan shekara ashirin da biyu. Ya sauke farali, ya gangaro Jidda, ya samu kafili, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo, mai garejin sassaƙa ƙarfe, ya shekara goma sha takwas yana feƙe sandunan injin jiragen ruwa. A can idonsa ya saba da ƙin wuce kuskure, ko da kuskuren bai kai kaurin gashi ba. Tocilar farko don kansa ya yi ta, saboda leƙa cikin inji. Wani Balarabe mai suna Badr, mai sha'awar fita sahara, ya gan ta a hannunsa ya nace sai an yi masa irinta. Badr ya nuna wa abokai, abokai suka baza hotonta a waya, kafin shekara uku kafilin ya ga abin na yi ne ya kama masa wannan shagon.

Masu sayen nan sai ka gan su. Manyan mutane da gemunsu, wani likita, wani matuƙin jirgin sama, su tsaya a ƙofar shago da rana tsaka suna haska tafin hannu, suna gardama ko hasken ya ɗan ja kore ko ya ɗan ja ja. Wani yana da guda tara a gida, alhali wuta ba ta taɓa ɗaukewa a unguwarsu ba. Haladu kan yi musu dariya a bayan ido, amma in gaskiya za a faɗa shi ne babbansu a wannan cuta.

Yana da doka ɗaya da ba ya karyawa. In ya gama tocila, ba ya miƙa ta sai ta kwana arba'in a aljihun jallabiyarsa. Ta sha zufa da laimar Jidda, ta gogu da makullai, ta faɗi ƙasa in faɗuwa ta zo, ya kunna ya kashe sau ba adadi. In ta nuna aibi, ko a rana ta talatin da tara ce, zai kwance ta ya gyara, ƙirga kuma ya koma ɗaya. Asalin dokar, wata tocila ce da ya yi wa wani masunci a farkon sana'a ta mutu masa a teku. Mutumin ya dawo ya ajiye ta a kan tebur, bai ce uffan ba ya fita. Haladu bai manta wannan shirun ba, kuma tun daga ranar ba a sake dawo masa da aiki ba.

Matarsa Latifatu haifaffiyar Jidda ce, mace mai barkwanci wadda ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Shekara talatin da ɗaya suna zaune a unguwar Ammariyya, a hawa na biyu na wani tsohon gida da tagarsa ke kallon bangon maƙwabta, ko da rana ɗakin dishi-dishi yake. 'Yarsu ɗaya, Sajida, tana aure a unguwar Bagdadiyya. Latifatu na da al'adarta: kullum bayan la'asar ta buɗe Alƙur'ani, ta ɗora yatsa a layi, ta bi a hankali. Ciwon suga ya riga ya cinye mata idon hagu, sai kuma ya juyo kan na dama. Likita bai ɓoye musu ba. Ya ce ba shi da alkawarin da zai yi, ta mori abin da ya rage tun yana nan.

Ranar da suka dawo daga asibitin ta gaya wa Haladu abin da take so. Ta ɗauko sauka, saura izu ashirin, kuma so take ta kai ƙarshe da idonta, ba ta saurara a waya ba. Ƙwan ɗakin ba ya isar ta. Fitilar tebur da Sajida ta kawo kashe mata ido take yi a kan farar takarda. Ta kasuwa kuwa haskenta shuɗi-shuɗi ne, layi biyar sai hawaye. Ta ce ya yi mata 'yar ƙarama irin ta mutanensa, wadda za ta riƙe kusa da shafi ta bi layi da ita. Tunda suke ba ta taɓa roƙonsa wani abu daga shagon ba sai ranar.

Haladu ya yi murna, murnar ma ta yi yawa. Akwai guda biyu gamammu a aljihunsa a lokacin, amma ya ce waɗannan amanar mutane ce, kuma ba su dace da ita ba: tagulla za ta yi wa hannunta nauyi, haskensu kuma na hangen nesa ne. Tata ta alminiyam zai yi. Ya aika a kawo masa ƙwan tocila mai launin hasken hantsi, ya jira shi mako uku. Ya goge gilashin ya dusashe shi don haske ya bazu daidai, kada tsakiya ta fi gefe. Makunnin ya sake shi sau huɗu, saboda kan yatsunta ya fara mutuwa, ba ta jin abu mai tauri. Ya ture aikin kowa gefe, har Badr ya yi ta kira yana tsokanarsa ko ya yi ritaya ne. A mako na biyar ya gama, bai taɓa yin wadda ta kai ta kyau ba. Sai ya jefa ta aljihu ya fara ƙirga.

Latifatu ta yi dariya da ta ji. Ta tambaye shi ko ita ma sai ta bi layi kamar Larabawansa. Ya ce ai ita ce ma ba zai ba abin da bai gwada ba. Har zuciyarsa haka yake gani, ƙauna ce. Kuma ƙaunar ce, ba a musu, sai dai irin ta mutumin da ya daɗe yana kallon ƙarfe har ya manta ido ba ya jira. Kullum bayan la'asar yana zaune kusa da ita da kofin shayi, tana fama da tocilar kasuwa, tana goge hawaye da gefen mayafi. Karatun da take rabin izu a zama ɗaya ya koma shafi biyu, ya koma ɗaya. Abin da take buƙata yana aljihunsa, bai kai kamu biyu daga gwiwarta ba.

A rana ta talatin da uku ya gano aibi. In aka rage hasken zuwa can ƙasa, aka kaɗa tocilar da sauri, yana ɗan rawa. Ba wanda zai gani sai shi da irin su Badr, balle mace mai ido ɗaya da ba kaɗa ta za ta yi ba. Ya kwance ta, ya sake liƙe wayar da dalma, ƙirga ya koma ɗaya. Sajida ta zo ranar Juma'a ta ji labari, ta tare shi a bakin matakala.

"Abuya, haram alaik, wannan bai dace ba," ta ce. "Ummi ba teku za ta shiga ba, a kan darduma take zaune. Ka ba ta ta yi karatunta, in ta mutu ka gyara, halas, shi ke nan."

"In ta ɗauke mata a tsakiyar aya fa?"

"Sai ta ɗauki ta kasuwa, ai da ita take yi yanzu."

Maganar ta shige shi, shi ya sa ya fusata. Ya ce ba ta san aiki ba, kuma ba a gidansa za a fara koya masa sana'arsa ba. Latifatu ce ta raba su daga ciki, ta ce wa 'yar ta ƙyale ubanta, halinsa ba yau ya fara ba, kwana arba'in kuma kamar gobe ne. Ta faɗa da fara'a, shi kuma ya ɗauki fara'ar a matsayin izini.

Rana ta ashirin da ɗaya a ƙirga na biyu, da safe, sun gama karin kumallo yana neman takalminsa, ta kira shi. Ta ce wani jan hayaƙi ne ke saukowa a idonta, tana ƙiftawa ba ya tafiya. Kafin su kai asibiti ba ta bambance ƙofa da bango. Jini ne ya zuba a cikin idon. Bayan kwana goma aka yi mata aiki, likitan ya fito ya ja Haladu gefe, ya yi ta kewaye-kewaye da tattausar murya, a ƙarshe ya ce abin da ya tarar a bayan idon ya wuce gyara. A ranar saura mata izu bakwai.

Haladu bai yi kuka a asibiti ba. A shago ya yi, da ƙofa a rufe, mai sambusa na jin sa ta bango. Ba likita yake zargi ba, ba ciwo ba. Ya san ciwon zai zo ko da tocila ko babu. Abin da ke cin sa lissafi ne mai sauƙi wanda ko yaro zai iya: kwana hamsin da huɗu abin na aljihunsa, ita kuwa a haske mai kyau rabin izu take yi a zama ɗaya. Da ta sauke har da ragowar kwanaki.

Kwana uku da dawowarsu gida, bayan la'asar, ya same ta a kan darduma inda ta saba zama. Alƙur'anin na gabanta a rufe, hannunta a kan bangonsa. Sajida ta kunna mata karatu a waya, ita kuwa ta ce a kashe tukuna. Ya durƙusa, ya kamo hannunta, ya sa mata tocilar a ciki.

Ta juya ta, ta shafa ta tun daga kai har gindi. Ta ce ba nauyi, kuma ta zauna mata a hannu daidai. Yatsanta ya samu makunnin da kansa, ta danna. Haske mai laushi ya bazu a kan bangon littafin da rabin dardumar, gefe da tsakiya duk ɗaya.

"Ta kama, Abu Sajida?"

"Ta kama."

"Yaya haskenta yake?"

"Kamar hantsi," ya ce. "Ki yafe mini, Latifatu."

Ta ci gaba da shafa ta da babban yatsa. Can ta tambaye shi ko kwanakin sun cika. Ya so ya yi mata ƙarya, bai iya ba. Ya ce saura shida.

"To mayar da ita aljihu ka cika su," ta ce, ta miƙo masa ita, hannunta ya ɗan kauce wa inda yake. "Ni yanzu ba sauri nake ba."

Ba da gatse ta faɗa ba, da gatse ne da ya fi masa sauƙi. Ya miƙa hannu inda nata yake ya karɓa. Ya daɗe a durƙushe a gabanta da abin a tafinsa kafin ya tuna ya kashe ta.