Safiyar da Na Je Kama Baba

Akwai wata safiyar Talata da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Yau shekara shida ke nan, amma da zarar na ji na'urar awon jini ta fara hura iska, sai in ga kaina a laɓe a bakin ƙofar ɗakin mahaifina a Sheshe, takalmi a hannu, na zo kama mai laifi.

Bari in fara faɗar aibina da bakina. Ni mutum ne mai zargi, kuma sana'ata ce ta mayar da ni haka. Hatsi nake saye da sayarwa a Dawanau. Wanda ya shekara ashirin yana zura hannu ƙasan buhu don ya ga ko na ƙasa ya yi daidai da na sama, da wuya ya yarda da maganar baki. Matata kan ce ko sannu aka yi mini sai na juya ta na duba bayanta.

A shekarar ne ciwon zuciya ya kwantar da Baba. A rumfarsa ta turare ya dafe ƙirji ya zube, kuma kafin a isa asibiti da shi rabin unguwa sun ji labari, domin Baba ba ya ciwo a ɓoye. Ko ƙaya ce ta soke shi sai liman ya sani. Da aka sallame shi, likita ya ce ba sai mun riƙa zarya ba, za su bibiye shi daga gida. Na sayi na'urar awon jini, wata nas babbar mace mai faɗa ta koya mana aiki da ita. Ta ce a auna shi safe da yamma, kowane lokaci sau biyu, a bar 'yan mintoci a tsakani. Na'urar tana adana lambobin a cikinta, ni kuma duk Juma'a in ɗauki hotonsu da waya in tura mata. Likita ya ƙara da sharaɗi ɗaya: sai lambobin sun daidaita Baba zai koma rumfa. Baba kuwa gara ka hana shi abinci da ka hana shi kasuwa.

Aikin awon ya faɗa kan mahaifiyata, da muke kira Hajiya. Ni ne ɗanta na fari, kuma Hajiya ta riƙe kunyar ɗan fari yadda mutanen da suka riƙe ta. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan na durƙusa na gaishe ta, takan amsa tana kallon murhu ko igiyar shanya, ni ma ban cika ɗaga ido in dube ta ba. Haka na taso, kuma ban taɓa ganin aibun hakan ba. Ta koyi naɗa ɗamarar na'urar a dantse da danna maɓallin, amma ba ta san abin da lambobin suke nufi ba.

A sati na uku nas ɗin ta kira ni.

"Malam, awon mahaifinka yana ba ni mamaki," ta ce. "Kullum ɗaya lafiya lau, ɗari da talatin ko ƙasa da haka. Ɗayan kuma ya haura ɗari da tamanin, bugun zuciyar yana tsalle. Wata rana mai kyau ne a farko, wata rana shi ne na biyu. Jinin mutum ba ya hawa da sauka haka cikin minti uku. Ka bincika, domin idan babban ne na gaskiya, ana iya wayar gari babu shi."

Ai kuwa kamar ta sosa mini inda yake ƙaiƙayi. Na fara da na'urar. Na ɗauke ta na kai wani kemis a Gwale, muka gwada ta da tasa a hannuna, suka zo daidai. Na duba ƙwayoyin maganin ɗaya bayan ɗaya, ko jabu aka sayar mana, na ga babu komai. Daga nan na koma kan Baba. Rannan yana masallaci na shiga ɗakinsa na ɗaga katifa, sai ga ƙullin kilishi da ɗan ƙoƙon yaji, ga shi likita ya hana shi gishiri. Da ya dawo na ajiye su a gabansa.

"Ni za ka bincika kamar buhun gero?" ya ce, har gemunsa yana rawa. "Sunsuna shi kawai nake yi."

Rabin ƙullin ya riga ya tafi wajen sunsunar. Amma na san kilishi ba zai hau da jini ya sauke shi cikin minti uku ba. Na yi ta juya maganar har na tsaya a kan abu ɗaya: hannu biyu ne ke shiga na'urar nan. Babbar lambar ta Baba ce, ƙaramar kuma ta wani mai lafiya ce da yake ara masa dantse, don likita ya ruɗe ya bar shi ya koma kasuwa. Har wanda nake zargi ina da shi. Akwai wani aminin Baba, tsoho siriri mai keke, da yake zuwa gaishe shi safe da yamma. Bawan Allah nan, sai da na yi kwana huɗu ina amsa sallamarsa ciki-ciki. Allah ya yafe mini, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Na tambayi Hajiya ko abokin Baba yana shiga ɗaki lokacin awo. Ta ce a'a, a zaure yake tsayawa. Na ce a raina, to, ita ma an haɗa baki da ita.

Abin da yake ci mini rai har yau shi ne abubuwan da na gani a waɗannan kwanakin ban gane su ba. Na ga Hajiya ta ɗauko bokitin ruwa daga famfo, ta ajiye shi a tsakiyar tsakar gida ta zauna a kan turmi tana mayar da numfashi. Na ga ta tara matasai uku a jikin bango, ta ce ta fi jin daɗin barci a zaune. Na ga tana jiƙa kanwa tana sha, ta ce olsa ce ta motsa, kuma bayanta yana riƙewa saboda tsugunon girki. Duk na ce mata sannu na wuce. Baba kuwa duk lokacin da nas ta kira sai ya karɓe wayar ya yi minti goma yana lissafi, nan ya soke shi, can ya yi masa nauyi, jiya ya yi atishawa sau uku. Kowa a gidan ya san inda ke yi wa Baba ciwo.

Ranar Talatar na baro gidana a Ƙofar Dawanau da sassafe ban gaya wa kowa ba. Na ajiye babur nesa da gida don kada a ji ƙararsa, na shiga lungu a ƙafa, na cire takalmi a zaure. Babu keken tsoho a ƙofar gida, abin da ya ɗan ɓata mini lissafi. Amma da na matso ɗakin Baba sai na ji na'urar tana hura iska, kuma a lokaci guda na ji muryarsa daga can ƙarshen ɗaki yana bin mai labarai a rediyo da sharhi. Na ɗaga labule.

Baba yana kan gado, hannayensa biyu a sake. Hajiya tana zaune a ƙasa a gefen ƙofa, ɗamarar a dantsenta.

"Hajiya, ashe ke ce?" na ce. Wallahi a lokacin daɗi na ji, daɗin wanda lissafinsa ya fita.

Ta sunkuyar da kai. Baba ne ya yi tari ya rage rediyo.

"Kai, kada ka ga laifinta. Ni na ce sau ɗaya ya ishe ni, abin nan sai ka ce zai tsinke mini hannu. Ita kuma ta ce idan ka ga awo bai cika biyu ba za ka zo ka tayar mana da hankali. Shi ne take cikasawa."

Na buɗe baki na fara wa'azi. Na ce ana wasa da rai, ana rufe ciwo da hannun mai lafiya, likita yana can yana aiki da lambar ƙarya. Ina cikin magana na'urar ta saki iska ta yi ƙara. Na sunkuya na ɗauke ta don in nuna musu hujja. Ɗari da tamanin da takwas, ga ɗan hoton zuciya a gefe yana ƙyaftawa. Na danna na koma awon da aka yi minti huɗu kafin nan, wato na Baba. Ɗari da ashirin da takwas.

Na dubi mahaifiyata, duba na sosai wanda na manta rabon da in yi mata. Ƙafafunta sun kumbura har silifa ya yi musu shaida. Kafaɗunta suna ɗagawa da kowane numfashi, alhali a zaune take.

"Nawa ya ba ta?" in ji Baba. Da na gaya masa, na kuma gaya masa abin da nas ta ce game da babbar lambar, sai rediyon ya suɓuce daga hannunsa. Ya yi ta salati yana kallonta.

Hajiya ta fara warware ɗamarar a hankali. "Gajiya ce kawai," ta ce. "Ku bari in sauke kunu."

Na kira nas ɗin nan take. Ta ce in kawo Hajiya yanzu, kada in saurari wani sai ta gama aiki. A asibiti hoto ya nuna zuciyarta ta kumbura ta yi rauni, kuma likita ya ce abin ya daɗe, ya girmi ciwon Baba da shekaru. Nas ɗin ta ja ni gefe a baranda.

"Ka ga, mu da muke bin marasa lafiya a gidajensu mun saba da wannan," ta ce. "Namiji ya fi zuwa da ciwon ƙirji, ya yi ihu a kawo shi. Matsalarmu da shi ƙin awo da satar gishiri. Mace kuwa sau da yawa nata ba ya zuwa a haka. Za ta ce gajiya, ta ce olsa, ta ce ciwon baya, ta ci gaba da auna mijinta a kan lokaci. Idan ba ka ɗaura mata abin a hannu ba, ba za ka sani ba."

A kwana na uku ina zaune gefen gadon Hajiya, na ajiye kunya na tambaye ta abin da ya hana ta faɗa tun tuni. Sai ta ce a hankali, ba da faɗa ba:

"Wa ya tambaye ni?"

Hajiya ta ƙara shekara huɗu a duniya, da magani da awo safe da yamma, kuma Baba ne yake ɗaura mata da hannunsa. Allah ya yi mata rasuwa shekara biyu da suka wuce, Allah ya ji ƙanta. Baba yana nan a rumfarsa. Na san kwana ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, amma likita ya gaya mini cewa da an gano da wuri, da ba ta sha wahalar da ta sha a ƙarshe ba, kuma wannan maganar ba ta bar ni ba.

Abin da na koya shi ne, a gidan da ake jinya, mai kukan ciwo ya riga ya sami masu kula da shi. Wadda ya kamata a tsare da tambaya ita ce mai kai da kawowa da ruwa da magani tana cewa lafiya lau. Ni na yi kwanaki ina farautar wanda yake yi mini ƙarya, uwata tana gabana numfashi yana gagararta, ban tambaye ta ko sau ɗaya ba.