Ranar da Na Raka Yayana Yawon Buɗe Ido a Kaduna

Yayana ya dawo gida cikin daminar shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Kafin tafiyarsa ma'aikaci ne a wata masaƙa a Kakuri, kuma yana cikin shugabannin ƙungiyar ma'aikata. Bayan wani yajin aiki da suka yi, sai wasu 'yan farin kaya suka fara sintiri a gidanmu na Makera suna tambayar ina yake. Ya bar gari ko sallama bai yi mana ba. Shekaru muka yi ba ma jin komai sai saƙon baki daga direbobin da ke zuwa Kwatano: yana lafiya, yana gaida Inna.

Ya dawo a rame, furfura ta fara fito masa, da 'yar jaka ɗaya da kyamara a ciki. Kwanakin farko ko ƙofar gida bai leƙa ba. In mota ta tsaya a layinmu sai ka ga ya ajiye cokali yana sauraro. Ni lokacin ina koyarwa a wata firamare, nakan dawo in tarar da shi inda na bar shi, kan tabarma kusa da Inna, rediyo a kunne.

Wata Asabar da safe ina wanki ya tsaya a kaina ya ce, "Bar kayan nan ki shirya. Yau yawon buɗe ido za mu."

Na ce, "Ina, Yaya?"

"Nan Kaduna."

Na yi dariya. Me ke Kaduna da za a buɗe wa ido? Ya ce a can Kwatano ya sha ganin Turawa suna bin tsofaffin gine-gine suna ɗaukar hoto. Wata rana wani abokin aikinsa ya tambaye shi wane tsohon abu ne a garinsu, ya rasa abin faɗi, don shi daga gida sai ƙofar masaƙa ya sani. Abin ya daɗe yana cin sa.

Inna ba ta so ba, amma ba ta hana ba. Ta ja ni gefe ta ce, "Ku dawo kafin la'asar. Kuma kar ki bari ya yi maganar gwamnati da kowa."

Da tsohuwar tashar jirgin ƙasa muka fara, tunda da ƙafa ma ana zuwa. Na sha wuce ta a bas ban taɓa ɗaga kai ba. Ranar na ga rufin kwano mai tsatsa bisa manyan ginshiƙan ƙarfe, da bencina waɗanda zama ya sa katakonsu ya yi sulɓi, da wasu taragai da ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Awaki na kwance a inuwarsu. Yaya ya nuna mini wani wuri kusa da famfo ya ce nan marigayi Babanmu ya ce ya sauke Inna ranar da ya kawo ta Kaduna tana amarya, da akwatinta na ƙarfe a kansa. Ban taɓa jin wannan labarin ba. Ya zaro kyamara daga cikin riga, ya ɗauka da sauri, ya mayar. A zamanin soja, ɗaukar hoton tasha ko gada kaɗai ya isa a wuce da mutum. Ni ce mai duba hagu da dama.

Daga nan muka hau bas muka haye kogi, ruwa ya cika ya yi ja. Muka sauka a lambun nan na bakin kogi inda aka ce akwai gadar da ta girmi garin kansa, wadda Turawa suka kwance daga Zungeru suka kawo. Ni a raina ƙatuwar aba ce. Da muka isa na ce, "Wannan ce?" 'Yar gada ce ta tafiya da ƙafa, ƙarfe da katako, da za ka gama haye ta kafin ka gama gaisawa da mutum. Amma Yaya shafa ƙarfen yake yi kamar wanda ya haɗu da tsohon aboki. Ya ja da baya, ya ɗaga kyamara, wannan karon bai ɓoye ba.

"Kai mai kyamara! Tsaya nan!"

Ɗan sanda ne, da bindiga rataye a kafaɗa, yana tahowa da sauri ta cikin bishiyoyi. Na dubi Yaya. Ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "In ya tafi da ni, ki wuce gida. Kar ki biyo mu."

Na riƙe hannun rigarsa na ƙi saki.

Ɗan sandan ya iso yana haki. Matashi ne, Hausarsa irin ta mutanen kudancin Kaduna. Ya ce, "Malam, hoto kake ɗauka?"

"Na gada ne kawai, ranka ya daɗe. In ba a so, sai in cire fim ɗin in ba ka."

"Ka cire kuma? Don me?" Ya gyara hularsa, sai na ga kamar kunya ta kama shi. "Ni roƙo na zo. Tun da aka kawo ni Kaduna, tsohuwata a ƙauye ba ta gan ni cikin kaki ba. Kullum sai ta aiko a ce tana son hoto. Ko za ka taimaka ka ɗauke ni guda ɗaya a kan gadar?"

Sai da ya sake cewa, "Don Allah fa," sannan Yaya ya gyaɗa kai.

Ɗan sandan ya hau tsakiyar gada, ya ƙame, ya turo ƙirji. Yaya ya ɗaga kyamara amma hannunsa rawa yake yi, ya sauke, ya sake ɗagawa. Mutumin ya ce, "Malam, ko zazzaɓi ke damunka? Ka nemi magani, damina ce." Daga ƙarshe dai aka ɗauka, har biyu. Ya yi ta godiya, ya faɗa mana ranakun da yake gadi a lambun, sannan ya dage sai shi ma ya ɗauke mu. Muka tsaya ni da Yaya a kan gadar, ɗan sanda na ba mu umarnin mu yi murmushi.

Da ya tafi, Yaya ya nemi benci ya zauna. Can sai kafaɗunsa suka fara motsi. Na zaci kuka yake, ashe dariya ce, irin wadda ke zuwa da hawaye. Ni ma na zube kusa da shi muna ta yi, har mai gasa masara da ke gefe ta tambaya ko lafiya. Muka sayi masarar muka ci. Muka je muka kalli wani kada da ke kwance a tafki kamar gungume, Yaya yana ta yi masa magana wai ya tashi baƙi sun zo. Rabon da in ji muryarsa ta fita haka tun kafin ya tafi.

Sai da aka kira magariba muka shigo layinmu. Inna na tsaye a waje da mayafi a hannu, maƙwabciyarmu na ba ta baki. Da ta hango mu ba ta yi faɗa ba, ta dai zauna a kan dakali ta ce, "Alhamdulillahi." Da muka ba ta labari ta ce ɗan sandan nan ɗan mutane ne, Allah ya yi masa albarka, ta kuma sa muka maimaita mata daga farko.

Ranar da aka wanko hotunan, namu ya fito a karkace, rabin kaina babu. Na ɗan sandan kuwa ya yi kyau ƙwarai. Yaya ya sa shi a ambulan, ya saka hularsa, ya ce zai kai masa. Na miƙe zan ɗauko gyale, ya ce in yi zamana, zai biya ta Kakuri daga can ya gaida tsofaffin abokan aikinsa, ya ji ko akwai inda ake ɗaukar ma'aikata.