Tsamiyar Bakin Kogi

Jiya iska ta kayar da tsamiyar bakin kogi, sai tsohon malaminmu na adabi ya faɗo mini a rai. Wata shekara muna makaranta, jarrabawa ta matso, wani littafin ƙasar Ayalan da ake koya mana ya gagare ni, Baba kuma ya ce in na faɗi, karatu ya ƙare.

Malam ya kai mu gindin tsamiyar, ambaliya tana cin saiwoyinta, taɓo yana wari. Ya dube ni. "Ke, share hawayenki. Bishiyar cikin littafin nan mutum ce. A gidanku wa ke tsaye cikin ruwa, kuna shan inuwa?"

Na ce, "Inna."

"To, koma ki karanta."

Na ci jarrabawar. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa shi a inuwar Al'arshi.