Ɗan kunnena da injin Sabi'u

Rami na tara ke nan jikana Sabi'u ya haƙa a gonar gyaɗata ta Rurum. Injinsa na neman zinare sai ƙara yake ko'ina, amma babu ɗan kunnena da ya faɗi ranar cira. Na Makka ne fa, marigayi Malam ya sayo mini.

Na leƙa ƙasan injin. Ashe marfin robar da ke rufe faifansa ne yake ta ɓallewa, shi ne gwanin ya ɗaure shi da waya.

Na ce, "Angona, abin nan ba ƙarfe yake ji ba?"

Ya ce, "Ƙarfe mana, tsohuwa. Ki bar wa 'yan boko aikinsu."

Na ce, "To wayar da ka ɗaura masa, da rama aka yi ta?"

Na cire wayar. Na kwance robar da nake ɗaure itace da ita, na naɗe marfin tamau. Injin ya nutsu, sai a kunya ta uku ya yi ƙara sau ɗaya. Ga ɗan kunnena!

Har gida ina rangaɗa guɗa. Jama'a, tsakanina da mai difloma, wa ya dace ya riƙe injin nan?